Gagare da Motar da Ta Ƙi Shiga Giya

Gagare aka raɗa masa a gida. Sunan Abdulrashid ya same shi ne daga baya, lokacin da mahaifinsu ya musulunta, kuma bai taɓa kama shi ba. Ko a Batsari ko a Safana, in ka tambayi Abdulrashid direba sai a yi ta kallonka.

An haife shi a Gidan Jinjiri, wani ɗan ƙauyen manoma da ke yamma da Wagini. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, yayarsa Hansai ce ta goya shi, ita ta tauna masa tuwo, ita ta cire masa ƙaya. Da ta girma ta auri wani Kirista a nan cikin ƙauyen ta bi addinin mijinta, shi kuma ya bi na uba. Ba a taɓa jin wannan ya zama magana a tsakaninsu ba. Da Sallah yakan kai mata nama, da Kirsimeti ta aiko masa da shinkafa da zakara.

Tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya bi mota. Wani mai sayen hatsi a Batsari, Alhaji Badamasi, yana da farar a-kori-kura ƙirar Fijo, irin ta da ɗin nan mai giya a jikin sitiyari. Gagare ya fara da wanki da lodi, ya koyi tuƙi, ya koyi kwance inji da ɗaurawa, har motar ta zama kamar gaɓar jikinsa. Ya ɗauko gero da wake daga Wagini da Yasore, ya kai gyaɗa Safana, ya kai mata masu naƙuda asibiti, ya kai amare, ya dawo da gawa. Da Alhaji ya sayi manyan motoci sai ya bar masa ita a matsayin sallama.

Ya ci gaba da juya ta har furfura ta fara fito masa. Daga nan kayan gyaranta suka yi wuya, babura suka kwashe fasinja, gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo. Wata rana ya shigar da ita bayan gidansa a Batsari, ƙarƙashin bishiyar bedi, ya ɗora ta a kan duwatsu, ya ce sai ya samu sarari. Sararin bai zo ba. Ya koma gyaran injin niƙa da na ban-ruwa. Kajin matarsa Baiwa suka mai da gaban motar wurin ƙwai, akuya ta riƙa kwana a bayanta.

A haka shekarun masifa suka same shi.

Da farko shanu aka riƙa korewa. Sai aka koma ɗaukar mutane. Sai ya zama ba a noma gona sai da izinin mutanen daji, masu yawo a kan babura da bindigogi a rataye. Ƙauyuka suka riƙa kwashewa ɗaya bayan ɗaya, mutane suka cika makarantu da kangaye a Batsari, har ƙofar gidan Gagare akwai masu kwana. Mutanen Gidan Jinjiri ma suka fito, da ƙafa, da ɗan abin da kai zai iya ɗauka.

Hansai ba ta fito ba. Tun kafin nan ɓarin jikinta ya shanye, ga ta mace mai jiki, ba ta iya zama a kan babur ko da an riƙe ta. Jakuna da shanun amalanke duk an kore su. Mijinta ya riga ya rasu. 'Yarta Rebecca, wadda ita ma ta manyanta, ta tura 'ya'yanta gari ta zauna da ita, tare da wasu tsofaffi da suka ce su ba inda za su.

Gagare ya bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya. Duk sun san shi, wasu ma a hannunsa suka koyi tuƙi. Kowa sai ya sunkuyar da kai.

"Baba Gagare, ka yi haƙuri. Wannan hanyar ko an cika mani mota da zinariya ba ni shiga."

Bai ga laifinsu ba. A shekarar ce aka yanke layukan waya, ba ka jin labarin kowa sai wanda ya tako da ƙafa ya gaya maka. Wani mutumin ƙauyensu, Gambo, yakan lallaɓa ta cikin gonaki ya duba dawarsa ya dawo. Shi ne ya tsaya a ƙofar gida wata ranar kasuwa, bayan doguwar gaisuwa ya ce:

"Rebecca ta ce in gaya maka, bayan tsohuwa ya fara ɓarewa saboda kwanciya. Ta ce ba magani, ba sabulu. Ta ce in da abin da za ka yi, ka yi."

Da Gambo ya tafi, Gagare ya zagaya baya ya kori akuyar, ya ɗaga murfin inji.

Injin bai ba shi wahalar da ya zata ba. Ya kwance kafireto ya wanke da fetur, ya goge fulogai, ya zubar da tsohon baƙin mai, ya aro batir a wurin wani mai niƙa. Tayoyi ya samo na hannu, kowace da irin tata. Ranar da ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe gidan, yaran 'yan gudun hijira suka yi ta ihu. Baiwa ta fito daga madafa tana dariya, abin da aka daɗe ba a gani ba.

Ya shiga ya zauna, ya kai ƙafar hagu kan kuloci. Fedar ta faɗi ƙasa kamar an taka tsumma, ba ta dawo ba. Ya ɗago ta da yatsan ƙafa, ya sake takawa, ya ja giya. Giyar ta yi wata ƙara mai tsinka haƙori, ta ƙi shiga.

Kuloci shi ke raba inji da ƙafafun mota na ɗan lokaci, don giya ta samu shiga. A irin wannan motar ba waya ke jan sa ba, man birki ne. Ka taka a sama, wata 'yar tukunyar ƙarfe ta tura man ta cikin bututu zuwa wata da ke ƙasa a jikin giyabos, ita kuma ta tura sanda ta ɗage farantin kuloci daga jikin inji. Makanikai na ce masu kulocin sama da kulocin ƙasa. In ɗaya ya gaza, inji zai yi ta kuka lafiya lau, mota kuwa ba ta zuwa ko'ina.

Ya buɗe ɗan gwangwanin da man ke zama a jikin motar. Babu ko ɗigo, sai wani baƙin danƙo a gindi. Ya kwance na saman da na ƙasan, robobin ciki suka marmashe a hannunsa.

Ba mai irin waɗannan robobi a Batsari. Ya hau motar haya zuwa Safana, wurin tsohon abokinsa Jafaru, wanda ke da rumfa a bayan tasha da gawarwakin tsofaffin motoci a jibge. Jafaru ya girme shi kaɗan, idonsa ɗaya ya mutu tun wani haɗari da ya yi a zamanin tuƙinsa. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda aka rasa, sannan Gagare ya kwance tsumman da ya ƙunso ƙarafan.

"Mi za ka yi da wannan akwalar, mutumina?" in ji Jafaru. "Ko 'yan gwangwan sai sun yi shawara kafin su ɗauke ta."

"Yaya zan ɗauko."

Jafaru ya dube shi da idonsa mai gani. Ya shiga cikin jibgin ya yi ta tono, ya fito da robobi da suka ɗan yi kama, da rabin gwangwanin man birki. Ya ƙi karɓar komai.

Bayan an ɗaura, sai fitar da iska. In iska ta maƙale a cikin bututu, ka taka sai ta matse kawai, man ba ya tura komai. Aikin kuwa na mutum biyu ne, ɗaya na takawa a sama, ɗaya na buɗe ɗan noti a ƙasa. 'Ya'yan Gagare maza duk sun tafi kudu neman abinci. Ya leƙa madafa.

"Baiwa, zo ki zauna mani a mota."

"Ni? Malam, a bakin mutane?"

"Ƙafa kaɗai nake so."

Ta wanke hannu, ta gyara mayafi, ta hau mazaunin direba, ita da ba ta taɓa zama a gaban mota ba duk shekarun da mijinta ya yi yana tuƙi. Shi kuma ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, gwiwar tana ƙara.

"Taka. Ƙara. Ƙara. To riƙe, kar ki saki."

"Na riƙe."

Ya buɗe notin, iska ta fito da kumfa, ya rufe.

"Saki."

Haka suka wuni. Matan da ke kwana a zaure suka taru suna kallo, wata ta ce ashe Baiwa direba ce ba a sani ba. Zuwa la'asar fedar ta yi ɗan ƙarfi. Ya tayar da inji, ya taka, ya ja giya. Ƙarar nan dai.

Washegari ya sake shiga ƙarƙashi, ya sa Baiwa ta taka yana kallon sandar. Tana motsi, amma ba ta kai inda ya kamata. Ya bi hanyar man da hannu tun daga sama. Da ya zo kan ɗan guntun tiyo na roba da ke haɗa bututun ƙarfe da kulocin ƙasa, ya ce ta taka. Tiyon ya kumbura a cikin tafinsa kamar maƙogwaron kwaɗo. Ƙarfin da ya kamata ya tura sanda, a nan yake ƙarewa.

Ya sake komawa Safana. A wannan karon sai da suka kwana a hanya, domin mutanen daji sun tare ta a gaba, motoci suka juyo. Da ya isa, Jafaru ya ciro masa tiyon birki daga wata matacciyar mota, ya ce ya gwada.

Ya dawo ya tarar da Gambo ya sake zuwa ya bar saƙo wurin Baiwa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙauyen ya rasu, Rebecca da wata tsohuwa suka ja shi a tabarma suka rufe. Hansai ta daina cin tuwo, sai kunu. Baiwa ta faɗi wannan tana kallon ƙasa. Gagare bai ci abinci ba, ya wuce bayan gida.

Sabon tiyon ya zauna. Suka sake fitar da iska, suna tattalin man kamar zuma, yana tare abin da ya ɗiga a cikin murfin kwano yana tacewa da ƙyalle. Fedar ta yi tauri sosai, sandar ta tura har ƙarshe. Ya wanke hannu, ya yi bismillah, ya tayar, ya taka, ya ja.

Giyar ta yi ƙara ta ƙi shiga.

Ya kashe injin ya zauna a ciki, hannuwansa a kan sitiyari. Baiwa ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da suka rufe ɗansu na fari. Ta tsaya a bakin ƙofar motar.

"Malam, ko a haƙura a nemi masu ɗaukarta a kan gado? Maza huɗu..."

"Su wa? Wa zai ba ni ɗansa ya shiga dajin nan da ƙafa, ɗauke da gado?"

Ta koma madafa.

Abin da ya rage ya san shi, tun farko yake gudunsa. In sama lafiya, ƙasa lafiya, to faranti ne ya manne da babban faifan ƙarfen da ke bayan inji. Damina bayan damina motar na zaune, tsatsa ta haɗe su. Jafaru ya taɓa gaya masa dabarar tsofaffin direbobi: a ɗage ƙafafun baya, a tayar da mota tana cikin giya, a danne kuloci, a take birki da ƙarfi, wani lokaci sai ya ɓalle. Ya gwada har motar ta kusa zamowa daga kan duwatsu. Bai ɓalle ba.

Dole ya sauke giyabos. Ba rami, ba abin ɗagawa, sai igiya da ya rataya a reshen bedi da wasu maza biyu daga cikin 'yan gudun hijira da suka kama masa. Da aka buɗe, sheƙar ɓera suka fara gani, da ɓawon gyaɗa, da gidan zanzaro. Farantin ya manne ƙam, ja wur da tsatsa. Ya sa bakin sukurdireba yana bugawa a hankali yana zagayawa, don in ya fashe ba wani a duk yankin. Da farantin ya saki, sai da Gagare ya zauna a ƙasa. Ya goge fuskokin da samfefa har suka yi haske, ya mayar, aka ɗaga giyabos aka ɗaure.

A wannan karon da ya taka ya ja, giyar ta shige ba ko ƙara. Motar ta sauka daga kan duwatsu ta fita ta ƙofar baya da ƙafafunta.

Ya tafi da hantsi, shi kaɗai. Baiwa ta shimfiɗa katifarsu a bayan motar, ta sa tulun ruwa da zannuwa. Ya ɗauki jakar sifanu, da ɗan man birkin da ya rage a ciki. Bayan Wagini hanyar ta koma ta shanu, ciyawa ta rufe ta. Gonaki ga su nan, dawa ta nuna ta sunkuya, ba mai girbi. Ya wuce ƙauyukan da ya san kowane gida a cikinsu, ƙofofi a buɗe, rumbuna a ƙone.

A bakin wani rafi mai yashi, inda hanya ta matse tsakanin gaɓa biyu, suka fito masa. Samari ne, wasu ko gemu ba su fara ba, fuskoki a naɗe da rawani. Suka zagaye motar suna dariya.

"Tsoho, daga wane kabari ka tono wannan?"

"Yayata zan ɗauko a Gidan Jinjiri. Ba ta da lafiya, ba ta tafiya."

Babbansu ya leƙa baya, ya ga katifa da tulu. Ya buɗe gaba, ya ɗauki jakar sifanun ya jinjina ta, ya miƙa wa na bayansa.

"Wannan za ta yi mana amfani. Wuce."

"Samari, ku bar mani ko gwangwanin da ke ciki."

"Na ce wuce."

Da ya isa Gidan Jinjiri, warin ɗakin Hansai ne ya fara tarbarsa. Rebecca ta fito, ta rame har ya so ya kasa gane ta, ta durƙusa ta ce, "Kawu," sai kuka ya hana ta ƙarasawa. Hansai na kwance a kan tabarma, matar da a da sai an yi da gaske ake ɗaga ta, yanzu ƙashi da fata. Bakinta ya karkace, amma idon na nan. Ta daɗe tana kallonsa.

"Auta," ta ce. "Ka tsufa."

"Yaya, tashi za mu yi."

"Na ji kukan motar tun daga rafi. Na ce wa wannan, ga Gagare nan. Ta ce mafarki nake."

Shi da Rebecca suka ɗauke ta a cikin zane. Tsofaffi biyu da suka rage suka ce su ma sun gaji, suka hau. Ba su ɗauki komai ba sai tukunya ɗaya da wani ƙullin irin gero.

Ba su yi nisa ba ya ji fedar ta fara laushi. Ya taka sau biyu kafin giya ta shiga. Can gaba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Ya san abin da ya faru ko bai duba ba: tsohon bututun ƙarfen, wanda tsatsa ta ci ta ciki, ya huje da girgizar hanya, man ya tsiyaye a yashi. Ba sifana, ba mai.

Tsohon direba na iya tafiya ba kuloci, yana sauraren inji yana zura giya a daidai lokacinta. Abin da ba ya iyawa shi ne tsayawa ya sake tashi. Ya yi ta addu'a a ransa kada ya sami samarin nan a rafin. Suna nan. Sun ma ƙaru, da garken shanu a bayansu suna jiran tsallakawa. Ɗaya ya ɗaga bindiga ya tsaya a tsakiyar hanya.

Gagare ya taka birki. Motar ta yi tsalle ta mutu, a daidai matsatsin.

Suka leƙa baya, warin ya kore su. Babban ya toshe hanci da rawani ya ce ya kwashe gawarsa ya ba su hanya. Gagare ya sa giya ta ɗaya ya murɗa makulli. Batirin aro ya yi gurnani, ya ɗan ja motar, ya gaza. Ga yashi, ga kaya. Ya sake, haka. Shanu suka fara turereniya a baya.

"Ba ta tashi sai an tura," ya ce.

Babban ya yi tsaki, ya zagi motar da mai ita. Sannan ya ce da yaransa su ture masa wannan tsiya daga hanya. Suka rataya bindigogi a baya, suka dafa, suna ihu suna dariya kamar wasa, Hansai na kwance tana kallon fuskokinsu a kusa da tata. Gagare ya murɗa, motar ta zabura, ta kama, ta haura gaɓa. Bai ƙara tsayawa ba sai a ƙofar gidansa, inda ya kashe ta da makulli.

Gambo na cikin dawarsa a kan tudun da ke kallon rafin, a ɓoye. Ya ga komai daga nesa, bai ji abin da aka ce ba.

Hansai ta yi 'yan makonni a ɗakin Baiwa. An wanke gyambunan, wani ma'aikacin asibiti ya riƙa zuwa yana sa magani, ta koma shan fura, har takan sa a jingina ta a bakin ƙofa da yamma ta ga jikokinta. Amma ciwon ya riga ya shiga jini. Ta rasu wata safiya bayan ta sha ruwa. Mutanen cocinsu suka yi mata sutura, Gagare ya tsaya a bakin kabarin har aka gama.

Kafin a share makoki maganar ta riga ta zagaya gari. Gambo bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa: ya ga mutanen daji sun karɓi jaka daga motar Gagare da safe, ya ga sun tura masa mota da rana suna dariya. Daga bakinsa zuwa bakin kasuwa, jakar ta zama kayan gyaran babura da ake kai masu, turin ya zama rakiya. Mutanen da aka kashe wa 'ya'ya, aka ƙone wa rumbuna, suna neman wanda za su kama da hannu. A lokacin, in aka ce da mutum infoma, wato mai kai wa mutanen daji labari, an gama da shi.

Masu injin niƙa suka daina kiransa. Mai batir ya aiko a karɓo kayansa. A masallaci wanda ke gefensa ya ja ƙafa. Baiwa ta ce su bar garin, ya ce bai yi komai ba, ina za shi.

Wasu samari masu sintiri suka zo da rana tsaka suka tafi da shi wani kango a bayan gari. Suka ce ya faɗi abin da ake biyansa. Ya ba su labarin bututu da man birki da batir, suka ce rainin hankali ne. Suka ɗora hannunsa na dama a kan dutse.

Rebecca ce ta ruga gidan Malam Abdurrahim, limamin unguwar, wanda ya san Gagare tun yana yaron mota. Ta faɗi a ƙofar zaure tana cewa ita tana cikin motar, a tambaye ta, a tambayi tsofaffin nan biyu. Malam ya tashi ko takalmi bai tsaya nema ba, ya tara dattawa suka je. Sun sami Gagare da rai, hannun a farfashe. Malam ya ce in akwai mai shaida ban da gani daga nesa, ya fito ya rantse. Ba wanda ya fito. Aka sake shi, amma aka ce motar za ta zauna a wurinsu har a gama bincike. Suka tura ta da hannu zuwa kangon, don ba wanda ya iya sa ta giya.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa. Yatsu uku sun haɗe a karkace, hannun ba ya dunƙulewa, ba ya riƙe sifana. Da Gagare ya iya tashi, Jafaru ya aiko mota ta kwashe su da kayansu zuwa Safana, ya ba su ɗaki a gidan ƙanensa.

Binciken ba a ƙara jin labarinsa ba. Wani direba ya gaya wa Jafaru cewa ya ga motar a kangon, ba tayoyi, ba lagireto, ba kujeru. Daga baya aka ce 'yan gwangwan sun yanka ta. Jafaru bai gaya wa Gagare ba sai da ya tambaya. Da ya ji, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa ƙarfen ya yi wa wani amfani.

Gambo ya taɓa zuwa Safana neman gafara, bayan an ɗauke nasa ɗan a gona. Ya tsuguna a bakin rumfa yana ta magana. Gagare ya ce ya yafe, ya sa aka kawo masa ruwa, amma bai tambaye shi labarin gida ba, kuma bai raka shi ba.

Yanzu a rumfar Jafaru yake wuni. In an kawo mota yakan saurara ya faɗi abin da yake zato, masu hannu su kwance. Wani lokaci ya dace, wani lokaci a'a, don motocin yanzu ba irin waɗanda ya sani ba ne. Baiwa na soya ƙosai a bakin tasha, da shi suke ci. Rebecca ta ɗauki 'ya'yanta ta koma wajen dangin mijinta a wani gari, takan aiko da gaisuwa in an samu mai zuwa.

Malam Abdurrahim ya aiko sau da dama cewa ya dawo gidansa, gari ya gane gaskiya, har waɗansu daga cikin samarin sun zo sun ba da haƙuri. Baiwa na so su koma, ta ce ko ba komai can ne kabarin ɗansu. Gagare ya ce a gaishe da Malam, a gaya masa ya gode. Da damina ta kusa, ya aika a ce wa 'yan gudun hijirar da ke zaune a gidan su gyara rufin ɗakin tsakiya, don yana yoyo ta gabas.